Da Sauƙi, In Ji Lamba 147

Litinin, 5 ga wata, bayan la'asar

Allah ya yi wa masu bincike albarka. Shekara ashirin da biyu ina auna atamfa a kasuwar Kilomita Biyar, ban taɓa ganin mutane masu ladabi irinsu ba. Kafin su taɓa ka sai sun nemi izini. Kafin su rubuta sunanka sai sun nemi izini, in ka ba su kuma sai su goge sunan su sa maka lamba, wai don mutunci. Yaya Nata'ala, mutumin da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota daga iyakar Kamaru zuwa Bangi, wanda duk mai tsaron shinge ya san tarinsa, yau shi ne lamba 147. Har kati suka ba shi, mai ruwan ɗorawa. Ya juya shi gaba da baya ya ce, "Ummuhani, wannan na fita asibiti ne ko na shiga Aljanna?"

Ranar Alhamis aka yi masa aiki. Abin da ya same shi ba abin da ƙanwa za ta rubuta a kan yayanta ba ne. A ce dai hanji ya ƙulle, aka buɗe, aka yanke inda ya mutu, aka ɗinke. Yau, kwana huɗu da aikin, suka sallame shi. Gado ya yi kaɗan, kuma da rikicin da ake yi ba wanda ya san yadda gari zai tashi gobe.

Mai binciken yarinya ce, Dokta Piriska, 'yar tsallaken gadar da ta raba unguwarmu da sauran gari, mai gilashi. Da Faransanci muke magana, in ya kakare mana mu koma Sango, yaren ƙasar. Ta ce duk wanda aka buɗe wa ciki a asibitin nan bana, za ta bi shi kwana talatin: wa ya warke, wa ɗinkinsa ya ruɓe, wa ya dawo, wa ya… Ba ta ƙarasa ba. Na ji ta shiga raina don wannan. Za ta bugo waya a kwana na bakwai, da na sha huɗu, da na talatin. Duk wanda aka ce yana zazzaɓi ko ciwonsa yana ruwa, suna da farar mota mai tuta wadda ba a tare ta a ko'ina, za ta zo ta ɗauke shi. Wanda yake lafiya kuwa sai a yi masa alama a akwatin lafiya, shi ke nan.

Takardar shafi uku ce, ta sa na karanta wa Yaya duka. Shafin ƙarshe ya ce ba za a yi masa komai ba sai da yardar bakinsa. Yaya ya ce, "Da suka yanka ni ranar Alhamis ina sume, bakin wa suka tambaya?" Ban fassara mata wannan ba.

Matarsa Fiddausi 'yar Maraɗi ce, ba ta jin Faransanci, Sangonta na sayen tumatir ne. Shi kuma ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba. Sai aka rubuta tawa. Kafin mu fito, gidaje biyar na unguwarmu da ke da majiyyata a ɗakin su ma suka ce a rubuta tawa, tunda ni na yi boko har aji uku na sakandare. Ga ni da mutum shida a waya ɗaya.

Na tambaye ta me za ta yi da amsoshin. Ta ce in ta tara mutum ɗari biyar, lambobin za su nuna mata abin da ido ba ya gani. Tun ɗazu nake juya maganar nan. Ni da ido da yatsa nake gane atamfar Holan daga ta China.

Talata, 6 ga wata, hantsi

Ba a buɗe kasuwa ba.

Laraba, 7 ga wata, azahar

'Yan moto, masu acaɓa, ba sa wuce gada. Titin Kudoku tsit, har ana jin ƙarar injin markaɗe daga layi na uku. Yaya ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa. Na ce ban ji ba. Ya ce shi ma bai ji ba. Hoton ɗan uwanmu marigayi Haris da ke bangon ɗakin Yaya ya karkace, na gyara shi.

Alhamis, 8 ga wata, bayan azahar

Kwana bakwai. Da safe na yafa mayafi na zaga gidajen nan, kamar wata ma'aikaciyar gwamnati. Ko'ina na yi sallama na ce yaya mai jiki, aka ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, aka ba ni ruwa.

Na fi daɗewa a gidan Malam Ɗan'azumi tela, lamba 141. Shi yake ɗinka rabin atamfar da nake sayarwa, kuma shi kaɗai ne telan da ban taɓa kamawa da satar ƙyalle ba. Yana kwance a bayan labule. Matarsa Zulaihat ta ce da sauƙi. Shi ma ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya Ummu, da sauƙi sosai. Ki gaya wa likita ɗinkinta ya karkace, da ni ne da na warware na sake." Muka yi dariya.

Ƙarfe biyu Dokta ta bugo. Tana kiran lamba ina amsawa. Zazzaɓi? Na ce wa ya rasa ɗan zafin jiki a daminar nan? Ciwon yana ruwa? Na ce ba wanda ya yi ƙorafi. To yaya suke ji? Na juya mata da sauƙi zuwa Faransanci, sau shida. Ina jin ƙarar bironta: tik, tik, tik. Ta ce, "Singila, Tanti," wato na gode, Anti. Aikin bincike ashe ba wuya. Da na sani da ban bar makaranta ba.

Asabar, 10 ga wata, walha

An buɗe rabin kasuwa. Ba wanda ke sayen zani, amma kowa ya fito don ya ga wa ya fito.

Yaya ya ci loma uku na tuwon rogo jiya. Ya ce miyar ce ba ta ji gishiri ba. Na ɗanɗana.

Litinin, 12 ga wata, la'asar

Fiddausi ta aro turaren wuta a ɗakina. Ranar Juma'a ma ta ara. Amarcinta ya wuce da shekara goma sha ɗaya.

Alhamis, 15 ga wata, bayan la'asar

Kwana sha huɗu. Da sauƙi sau shida. Amma yau Dokta ba ta kashe wayar ba, ta tsaya hira, muryarta kamar ta wadda ta tsinci zinari a kwata.

Ta ce ta zauna ta duba lambobinta. A sauran unguwannin Bangi, cikin kowane mutum biyar da aka yi wa aiki, ɗaya ɗinkinsa yana ruɓewa. A Kilomita Biyar tana da mutum talatin da ɗaya, kuma ko ɗaya. Ko ɗaya! Ta nuna wa babban likitansu, ya cire gilashinsa ya goge ya mayar. Yanzu suna son su gane sirrin. Ko don ba ma shan giya? Ko alwala sau biyar? Ko wani abu muke shafawa?

Wallahi kaina ya kumbura. Shekara nawa ana kiran sunan unguwar nan a rediyo, ba a taɓa kiransa da abin kirki ba. Yau ga mu na ɗaya a duk garin.

Na ba Mairo labari, mai rumfar gyaɗa kusa da tawa. Ta ce zuma ce da man shanu. Wata ta ce kanwa ce. Wani ɗan canji da ke wucewa ya ce albarkar malamai ce, kuma Turawa za su zo su sace ta su sa a kwalba. Mairo ta ce, "Ke kuma Madam Dokta, nawa ne kasonki a albarkar?" Na ce mata ilmi ba gyaɗa ba ne da ake aunawa da gwangwani.

Ni dai abin yana ba ni mamaki. Fatar cikinmu da ta mutanen tsallaken gada ai iri ɗaya ce. Zaren ɗinki ɗaya, likita ɗaya, ƙudajen ma ina jin 'yan uwan juna ne. Me ya bambanta mu?

Juma'a, 16 ga wata, bayan sallar Juma'a

Yaya bai je masallaci ba. Ya ce hanya ce ba ta da kyau. Masallacin a layinmu yake.

Asabar, 17 ga wata, bayan la'asar

Malam Ɗan'azumi ya rasu da hantsi. An kai shi bayan azahar.

Lahadi, 18 ga wata, hantsi

Jiya a gidan makoki na zauna kusa da Zulaihat. Ba ta kuka, tana dai murza bakin mayafinta. Matan da suka taya ta gyara ɗakin sun fito da katifar sun ƙone ta a bayan gida. Ba a ƙona katifa don zazzaɓin damina.

Da mutane suka ragu na ce, "Zulai, shekaranjiya ma kin ce mini da sauƙi."

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi mata Larabci. Ta ce, "To me zan ce, Hajiya? In ce babu sauƙi, Allah yana ji?"

Na ce ai da an turo mota.

Ta ce, "Kin tambaye ni yaya jiki. Gaisuwa kika yi mini, na amsa miki gaisuwa."

Ta ce kwana tara ciwon yana zubar da mugunya. Kwana shida yana salla a kwance. Ranar ƙarshe, ɗan uwansa ya shigo ya ce yaya jiki, Malam ya buɗe ido ya ce da sauƙi, bai ƙara cewa komai ba.

Na dawo gida na zauna a bakin gado da mayafina. Uwarmu, Allah ya jiƙanta, ita ma da sauƙi ta ce. Duk wanda na sani ya mutu a unguwar nan, da sauƙi ya mutu. Ni kaina in aka daddatsa ni da adda aka ce yaya jiki, na san abin da bakina zai faɗa kafin kaina ya yi tunani. Kuma ni ce na ɗauki wannan kalma, na wanke ta, na sa mata rigar Faransanci, na miƙa wa yarinyar mutane ta rubuta a littafin ilmi. Mutum talatin da ɗaya. Sauran ashirin da biyar ɗin ba ni na amsa musu ba, amma na san irin bakin da ya amsa.

Ga sirrin Kilomita Biyar. Ba zuma ba ce.

Lahadi, bayan la'asar

Na ɗauki katin mai ruwan ɗorawa, akwai lambar wayar Dokta a baya. Na ajiye.

Litinin, 19 ga wata, azahar

Tunda ita tana da takardar tambayoyinta, ni ma na yi tawa. A kasuwa ba a tambayar mai kaya ko zaninsa yana zuba. Ka jiƙa yatsa da yawu ka murza bakin zanin, ka duba yatsanka.

Don haka yau ban ce wa kowa yaya jiki ba, bayan dai gaisuwar da ba makawa. Na shiga na dubi igiyar shanya, zannuwan gado nawa aka wanke. Na dubi kwanon majiyyaci, na tambayi yara wa ya cinye ragowar, don yaro ba ya ɓoye abin alfahari. Na shaƙi ɗaki. Sai kuma babbar tambaya, wadda Zulaihat ta ba ni ba ta sani ba: yaya yake salla? A tsaye, a zaune, ko a kwance? Bahaushe zai ɓoye maka ciwo har kabari, amma ba zai ce ya yi ruku'u ba alhali bai yi ba. A nan tsoron Allah yana aiki ta ɗaya gefen.

Lamba 138 yana tsaye, har ya koma shagonsa na ƙusoshi. Lamba 150 tana tsaye, sai sujada ce take yi a hankali. Lamba 144 a zaune, amma jiya ya fara gwada tsayuwa a raka'ar farko, kuma ya cinye kwanonsa, jikarsa tana fushi. Lamba 152, Inna Hauwa'u, a zaune take, zanin gado biyu a igiya. Ita zan sa wa ido.

Abin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Tambaya ɗaya ta raba mini mutane kashi uku kamar almakashi. Da za a bi mutum ɗari biyar da ita, me za a gani?

Gida huɗu na shiga. Na biyar ban samu lokaci ba.

Talata, 20 ga wata, hantsi

Ban samu lokaci ba.

Talata, la'asar

Taku goma sha ɗaya ne daga ƙofata zuwa ta Yaya. Zanin gado uku a igiyarmu.

Laraba, 21 ga wata, bayan azahar

Na tare Fiddausi a bakin rijiya. Na ce, "Fiddausi, yaya Yaya yake salla?"

Ta ce, "Da sauƙi, Anti."

Na ce ba abin da na tambaye ki ke nan ba.

Ta saki guga ya koma rijiya da igiyarsa. Ta ce ya hana ta. Ya ce in ta faɗa wa wani, ko ni, bai yafe ba. Na ce ban ce ki faɗa mini ciwo ba, salla na tambaya. Ta rufe fuska da gefen zani ta ɗaga mini yatsu biyar. Na ce kwana biyar a zaune? Ta girgiza kai.

Na shiga ɗakin ba sallama, abin da ban taɓa yi ba tun ina 'yar shekara bakwai. Hayaƙin turare ya cika shi, kuma a ƙarƙashin turaren akwai abin da aka sa turaren dominsa. Yana kwance ya ja bargo har wuya, gumi yana bin gemunsa. Kwano da ƙasar taimama a gefen filo. Ciwon yana ƙasan cibiya, inda ba ni da ikon cewa a buɗe mini.

Na ce, "Yaya, zan kira motar nan."

Ya ce, "Wace mota? Da sauƙi."

Na ce Malam Ɗan'azumi ma da sauƙi.

Ya ce, "Ɗan'azumi kwanansa ne ya ƙare. Ke kike riƙe da littafin kwanaki yanzu, don an ba ki lambar waya?" Ya huta, ya ƙara: "Ba zan ƙetare gadar nan a kwance ba, Ummu. Wanda ya ƙetare ta da ƙafafunsa ma…"

Bai ƙarasa ba. Dukanmu ba mu dubi hoton Haris a bango ba.

Shi ya goya ni a baya ranar da muka baro Boda. Shi ya sa ni makaranta, shi ya saya mini turmin atamfa na farko. Ban taɓa ƙetare maganarsa a gabansa ba. A bayansa kam, sau da yawa.

Na fita na kira Dokta daga bayan gida, kusa da bishiyar mangwaro. Na faɗa mata komai, har da lamba 141. Ta ce, "A takardata yana nan lafiya." Na ce mun binne shi ranar Asabar. Na ji numfashinta.

Sai ta ce motar ba ta fita sai da safe, kuma akwai shafi na uku. Sau biyu ta ji ta bakina an ce lafiya, yanzu bakina ya ce ba lafiya. Ba za ta tura direba ya ratsa shinge uku ya zo majiyyaci ya ce bai kira ba. Sai ta ji daga bakinsa.

Masu ladabi. Na faɗa tun farko.

Alhamis, 22 ga wata, bayan la'asar, a bencin asibiti

Ƙarfe bakwai na safe na shiga da wayar a buɗe, na ajiye ta a kan bargonsa. Fiddausi tana tsaye a bakin ƙofa.

Dokta ta gaishe shi da Sango, ta ce, "Baba, yaya jikin?"

Ya harare ni, ya gyara murya irin ta direban da ke magana da jandarma, ya ce, "Nzoni," wato lafiya lau. "Alhamdulillahi. Da sauƙi."

Na ce, "Dokta, tambaye shi yadda ya yi sallar asuba yau."

Ta ce ba ta gane ba, wannan ba ya cikin takarda. Na ce ki dai tambaya. Ta tambaya.

Ina jin kazar maƙwabta tana tonon ƙasa.

Ya ce, "Wannan tsakanina da Ubangijina ne."

Na ce, "Shi ya sa muke tambaya, Yaya. A tsaye ka yi?"

"A'a."

"A zaune?"

Ya lumshe ido. "A'a."

"Da kai ka yi nuni, ko da ido?"

Ya ce, "Da ido."

Na ɗauki wayar na gaya mata da duk Faransancin da ya rage mini: mutumin nan ya taɓa yin salla a tsaye da karyayyar ƙafa a gefen hanyar Bwar, yana dafe da tayar mota. In ya ce da ido, to ki rubuta abin da kuke rubutawa in mutum ya kusa. Ban rufe baki ba sai ga Fiddausi, wadda shekara goma sha ɗaya ban ji ta ɗaga murya ba, ta shigo da baho ta dire a tsakar ɗaki, cike da tsummokaran da take ɓoyewa a bayan tulu. Ta ce da Hausa, ga wayar da ba ta jin Hausa, "Kore ne, likita. Kore da rawaya. Tun ranar Juma'a. In bai yafe mini ba ya rayu ya ƙi yafewa."

Wannan na fassara shi kalma da kalma.

Dokta ta ce, "Baba, in turo mota?"

Ya juya fuska bango ya ce, "Ke dai Ummu, tun kina ƙarama ba kya jin magana. Kan uwarmu kika ɗauko, taurin kai kamar jakin Abeshe."

Na ce, "Ya yarda."

Ta ce, "Duk wannan doguwar maganar?"

Na ce a Hausa haka ake cewa i.

Ban san hukuncin wannan fassarar ba a wurin masu bincike. Amma da motar ta tsaya a ƙofa, shi da bakinsa ya ce a miƙo masa hularsa, kuma direban shaida ne.

A gada na riƙe hannunsa. Ba zan rubuta gada ba. An leƙo, an dubi tuta, an dubi bahon da Fiddausi ta ƙi bari a gida, an ɗaga sanda.

Sun shiga da shi tun ƙarfe goma sha ɗaya.

Juma'a, 23 ga wata, hantsi

Ɗinkin ciki ne ya saki, mugunya ta taru. Sun sake buɗewa sun wanke. Yana ɗakin da suke kira reya, inda ake ajiye waɗanda ba a san ko na nan ba ne ko na can. Gado huɗu. Ta gilashi ake kallo.

Asabar, 24 ga wata, azahar

Na yi awa biyu a jikin gilashin nan. A ɗakin ba wanda ake tambaya yaya jiki. Akwai akwati a saman kansa mai zana layi kore, shi yake amsawa. Jakar fitsari ma ana auna ta kowace awa a rubuta. Wata ma'aikaciya ta ce mini jakar ta fi kowa gaskiya a asibitin. Na ce da an ba kowane gida a Kilomita Biyar guda ɗaya, da an huta da ni.

Na yi dariya, sai na ga ba dariya nake yi ba.

Litinin, 26 ga wata, walha

Layin kore yana tafiya.

Laraba, 28 ga wata, bayan azahar

Dokta Piriska ta same ni a benci da takardunta. Ta zana layi a kan alamar lamba 141 a gabana, ta tambaye ni ranar, ta rubuta. Kwana goma sha ɗaya Malam ya ƙara yana raye lafiya lau a littafinsu bayan mun kai shi. Ta ce laifin takardarta ne. Na ce laifin bakina ne. Muka yi ta ja kamar masu ciniki, kowa yana son kayan ya zauna a wurinsa.

Ta sake kiran duka mutanen unguwarmu da tambayoyina. Tsaye, zaune, kwance. Zanin gado nawa. Wa ya cinye ragowar. Motar ta shiga Kilomita Biyar sau huɗu tun ranar Juma'a, har da Inna Hauwa'u, wadda ta zage ni tas daga kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Yanzu ba mu ne na ɗaya ba. Mun koma ƙasan kowa, don namu ba sa dawowa sai abu ya yi nisa. Babban likita ya sake goge gilashinsa.

Ta ce za ta sa sunana a ƙarshen rubutun, wurin godiya. Na ce ta sa lamba, don mutunci.

Na tambaye ta su mutanen tsallaken gada me suke cewa in an ce yaya jiki. Ta yi tunani, ta ce kakarta ranar da za ta rasu cewa ta yi ta ɗan gaji ne kawai. Muka dubi juna. Ta jawo takardar sauran unguwannin ta daɗe tana kallo.

Asabar, 31 ga wata, bayan la'asar

Kwana talatin. Akwati biyu ne a layin ƙarshe na takardar, na mai rai da na mamaci, kuma a na farko aka yi wa lamba 147 alama.

Jiya suka fito da shi daga reya. Da robar hanci da robar ciki, ya rame har hularsa tana faɗo masa a ido. Bai yi mini magana ba tukuna. Amma ya ce wa Fiddausi kunun ba sukari, ta fita baranda tana kuka tana murmushi. Yau da azahar na leƙa na same shi an jingina masa filo uku, yana salla a zaune. Na ja baya a hankali, na rubuta a tafin hannuna.

Motar ta maido ni gida in ɗebo kaya. An buɗe kasuwa duka, 'yan moto sun fara wuce gada, ba wanda ya ce me ya canja. Na gyara hoton bango. Na biya gidan Zulaihat, na zauna, ita ce ma ta ba ni ruwa.

A bakin rumfa Mairo ta hango ni ta ƙwala, "Madam Dokta! Yaya jikin Yayan naki?"

Na ce, "Da sauƙi."

Wannan karon gaskiya ne. Amma ta yaya za ta gane?